Sunan da Na Kira a Bakin Rami

Mu biyar ne a wurin ranar, idan an haɗa da Baturiya mai tumaki. Akwai ni, Saudatu 'yar Malam Ilu, mutuniyar Bichi. Akwai surukata Rukayya, mai ba da magani a wani kanti a Cheetham Hill. Ita ce ke riƙe da biro yanzu ina faɗa tana rubutawa, don ni ban taɓa zama a aji ba, na kuma gargaɗe ta kada ta gyara mini ko kalma ɗaya. Akwai jikata, takwarata, da suke kira Ummi, shekararta goma sha ɗaya, bakinta ya fi jikinta girma. Akwai Baturiyar, doguwar tsohuwa mai hannuwa kamar na maƙeri, da karenta, amma kare ba ya shiga lissafi. Na biyar shi ne baban Ummi. Ɗan farina ne, saboda haka ba za a ji sunansa a bakina ba sai inda ya zama dole.

A wajenmu mace ba ta kiran sunan ɗan fari. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa, idan an yabe shi ma sai ta kau da kai. Ana yaye shi kakarsa ta wajen uba ta ɗauke shi, ita yake ce wa Inna. Ni Gwaggo yake ce mini, yadda 'ya'yan 'yan'uwana ke faɗa. Amma karatunsa daga kan nan nawa ya fito. Shekara talatin ina ɗaukar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli zuwa kasuwa, har yau wuyana ba ya juyawa hagu sosai. Tsakanina da Allah na yi alkawari wannan yaro ba zai ɗauki kaya ba. Ban taɓa gaya masa ba. Ba a faɗa.

Zangon farko Cheetham Hill ne, a Manchester. Wata shida aka ba ni a takardar biza, na kuma sauka a lokacin da rana ke faɗuwa kafin mutum ya gama lazimin la'asar. Gidan yana bene na uku, ɗaki biyu da wani lungu da aka sa mini gado. Babu tsakar gida. Babu mai sallama ya nemi aron turmi. Matar da ƙofarta ke kallon tamu na yi mata barka da asuba kwana arba'in, abin da na samu a wurinta ɗaga gira ne. Na zaci mutane zan yi kewa. Ashe rashin ƙarar daka da hantsi ne zai dame ni, da kukan akuyar maƙwabta da nake zagi kullum.

Wanda ba shi da abokin hira, ido ke zama masa sana'a. Kowace safiya baban Ummi yakan ɗaura wannan tsumman na wuya, ya ɗauki jaka da kwanon abincin da Rukayya ta zuba masa, ya fita ƙarfe bakwai, ya dawo shida. Injiniyan hanyoyi ne a kansul, hukumar garin, da can yakan gaya wa ƙannensa a waya kullum yana cikin taɓo da kwalta. Amma takalmansa tas suke dawowa, kamar na ango. Na ga yana bin ɗakuna yana kashe abin ɗumama gida. Na ga nama ya tashi daga tsoka ya koma fukafukin kaza.

Wata Talata Ummi ta raka ni sayen attarugu a shagon 'yan Pakistan. Muna saman bas mai bene, sai bas ta tsaya daidai laburaren unguwa, inda ake zama a karanta littafi kyauta. Ta gilashi na hango shi, da tsumman wuyansa, ya kifa kai a kan jarida yana barci.

"Kaka, isn't that Daddy?"

"Ba shi ba ne. Dubi gabanki, uwar surutu."

"It is! Ga tie ɗinsa nan!"

"Mutum nawa ne ke da tsumma a wuya a garin nan? Na ce ba shi ba ne."

Da yamma na tsare Rukayya a kicin. Na ce, "Mijinki ina yake zuwa da safe?"

Ta ajiye wuƙa a kan albasa. "Mama, an rage su ne. Cuts. Gwamnati ta ce babu kuɗi, department ɗinsu gaba ɗaya aka rufe. Wata goma ke nan. Ya roƙe ni kada ki ji."

"Shi ya sa ba ya barci?"

"Ya je wajen GP, likitanmu. An sa shi a waiting list, sai an kira shi. Sun ce kafin nan ya riƙa tafiya a ƙafa, wai iska tana taimakawa."

Ƙasar da ake kunna wa titi fitila ko babu mai wucewa, ita ce babu kuɗi. Likita kuma ya rubuta wa mutum yawo. Ranar Asabar ta farko da na ga ya goya wata ƙatuwar jaka a baya, da tanti a naɗe a samanta, ya fita kamar ɗan ci-rani, na shiga lunguna na juya wa ƙofa baya. Ni na ɗauki kaya don kada ya ɗauka, shi kuma ya shiga kanti ya sayi kayan da zai ɗauka.

Ban tambaye shi komai ba. Ba a yi ni da bakin tambayarsa ba. Abin da na iya shi ne in tsame naman kwanona in ba Ummi in ce, "Kai wa babanki, haƙorana sun gaji."

Zango na biyu Small Heath ne, a Birmingham. Akwai wani Alhaji Mansur a can, Bakano, mai ɗan kamfanin gyaran gidaje. Ya yi wa baban Ummi alkawarin aiki, ya ce ya fara zana masa wasu gidaje tukuna ya ga hannunsa. Duk tsawon sanyin nan a kan teburin cin abinci yake, yana zane har idanunsa su yi ja. Da matar Alhaji ta haihu, aka ce mu zo suna, a can za a ƙarasa magana.

Muka shiga doguwar mota. Gidajen unguwar a manne suke da juna kamar ƙwayar masara, ga masallatai, ga mahauta na halal. Aka kai ni ɗakin mata a sama. Ƙamshin turaren wuta, waina da miyar taushe, Hausa ta ko'ina. Tun da na sauka ƙasar nan ranar na fara jin numfashina ya kai ciki. Ban gama waina ta biyu ba sai wata Hajiya Turai, yayar mai jego, ta matso da gwala-gwalanta.

"Hajiya, ke ce mahaifiyar Injiniya? Allah sarki. Ashe har yanzu shiru? Wallahi Alhaji ya so ɗaukarsa, to amma ƙaninmu Nazifi ya gama master's ɗinsa, kin san yaran yanzu da computer. Jiya ma ya fara. Amma fa zanen da ɗanki ya yi, kowa sai yabawa yake."

Da a kan wani cikin ƙannensa ne, da matar nan ta san 'yar wa ta taɓa. Amma mata sun fi ashirin, an kuma ce mini "ɗanki" ido da ido. Sai bakina ya faɗi abin da uwata za ta faɗa, da uwar uwata.

Na ce, "Ni ina ruwana da shi? Can ta matse masa. Miƙo mini yajin nan."

Tsofaffin ɗakin suka fashe da dariya. Ɗaya ta ce, "Kunyar ɗan fari! Hajiya 'yar gargajiya ce, irinku sun ƙare." Su sun gane. Ko yarinyar goye a Bichi ta san abin da wannan magana ke rufewa.

Na ɗaga kai, sai ga shi a bakin ƙofa, riƙe da rigar sanyin Ummi. A ƙasa aka gama gaya masa, ya hawo ya ce mu tashi. Bai yi dariya ba.

"Gwaggo, lokacin mota ya yi."

Shekara ashirin ya yi a ƙasar da magana ke yawo tsirara, yadda aka faɗe ta haka ake ɗaukarta. Ban yi wannan lissafin ba. A bakin ƙofar fita Alhaji ya danƙa mini takardar kuɗi yana cewa a sha ruwa a hanya. Na sunkuya kamar mai gyara safa, na cusa wa Alhajin ita a cikin takalminsa da ke ajiye a wurin. Abin da na iya rama wa ɗana ke nan, shi ma bai gani ba.

Zango na uku a tsakiyar falo aka yi shi, a kan taswira. Bayan Birmingham ya daina ɗaura tsumman wuya. Sai ya shimfiɗa wata babbar takarda a ƙasa, ya durƙusa a kanta yana auna hanya da zare. Ya gaya wa Rukayya zai yi kwana biyar shi kaɗai a saman tsaunuka, daga wannan ƙololuwa zuwa waccan.

Ga abin da idona ya gani a wannan makon. Ya tattara takardun gida a jaka ɗaya, ya nuna wa Rukayya inda ya ajiye. Ya koya mata yadda ake tayar da injin ruwan zafi idan ya mutu. Ya ba Ummi agogonsa. Ya je ya yi aski. Ranar Alhamis kuma ya zo bakin lunguna ya durƙusa.

"Gwaggo, ki yafe mini duk abin da na yi miki."

Na ga masu neman gafara za su tafi Makka. Na ga waɗanda za a shiga da su tiyata. Ban taɓa ganin mai neman gafara don yawon kwana biyar ba. Na ce wa bango, "Allah ya yafe mana baki ɗaya." Ya ɗan jira. Ya tashi.

Washegari dusar ƙanƙara ta sauko. Lokacin da suka ce sanyi ya kamata ya tafi ne, har wasu furanni rawaya sun fito a bakin titi. Ta yi kwanaki tana zuba, ta kuma ƙi narkewa. A talabijin ana nuna motoci a binne, manoma suna tonon tumaki da shebur. Aka rufe hanyoyin saman tsaunuka. Tun da na zo nake tsine wa farin abin nan, ranar na yi masa nafila raka'a biyu.

Na zaci zai haƙura. Mako ɗaya, mako biyu, aka ba yara hutun Ista, a gari ta narke ta zama caɓi, amma a can sama tana nan fari fat. Sai ya koma kan taswira, waya a hannu, yana neman gajeriyar hanya. Ina jinsa daga lungu. Wannan a rufe. Wannan jirgi ba ya tsayawa. Wannan sai da ƙarafa a ƙasan takalmi. Zaren da yake aunawa da shi kullum yana gajarta, daga kamu uku ya koma taƙi ɗaya. Ran nan na ga ya zagaye wani wuri da jan biro. Da aka zauna cin tuwo ya ce wa Rukayya, "Na samu. Short one ne, kwana ɗaya. Jirgin ƙasa bai kai awa ba, sai tafiyar awa uku a gindin tsauni, a kwana a wata gona a dawo. Ba sai an hau sama ba."

Na ce, "Ummi, gaya wa babanki da ni za a."

Yarinyar ta kusa shaƙewa da tuwo. "Kaka! You can't even do the stairs!"

"Ke da aka haifa a kan katifa? Na yi Bichi zuwa Kano a ƙafa ba a haifi uwarki ba."

Ya dube ni, karo na farko tun Birmingham. "Gwaggo, ba wurin tsofaffi ba ne."

Na ce, "Rukayya, ki nemi hutu. Ke da 'yarki. Duk za mu."

Rukayya ta daɗe tana kallona. Da safe ta je unguwar Fallowfield ta aro wani tanti a wurin wata ɗaliba 'yar Katsina.

Zango na huɗu shi ne tafiyar kanta. Jirgi ya sauke mu a wata 'yar tasha da ba ta da ko mai sayar da ruwa. Rana ta fito tar, na ce yau an dace. Ashe ranar ƙasar nan maƙaryaciya ce, haske take bayarwa ta riƙe zafin. Takalman da Rukayya ta saya mini sun matse ni, don haka kambas ɗina na sa da safa biyu. 'Yar jakar da suka ba ni kuwa igiyoyinta suka ci mini kafaɗa tun ba a je ko'ina ba. Na tsaya, na naɗa gammo da ɗankwalina na biyu, na ɗora ta a ka.

"Kaka, people are looking!"

"Su kalla. Kyauta ne."

Hanyar burtali ce, tsakanin katangun dutse biyu, ƙanƙara ta taru a lunguna kamar kanwa. Abin mamaki, Turawan da ke wuce mu duk sai sun gaishe mu. A gari ba su da baki, sai an fito daji. Shi yana gaba, idonsa na can kan farin da ke sama.

Dab da gonar muka iske wata ƙofar katako a hannun dama, an ɗaure ta da sarƙa, da allo mai jan rubutu. Wata siririyar hanya ta bi ta bayanta ta haura. Na ce a karanta mini.

Rukayya ta ce, "An rufe ne saboda snow, Mama. Akwai tsohon ramin da suka haƙi dutse a sama, mai zurfi. Wai kada kowa ya hau."

Ni ban iya karatu ba, amma na san tsawon lokacin da mai karatu ke ɗauka a kan layi biyu. Shi ya fi haka daɗewa a gaban allon. Na tuna jan biron.

Gonar Baturiyar tana gaba kaɗan. A gefen rumbunta na ga tarin 'yan raguna matattu an lulluɓe da leda, ƙafafu sun leƙo. Na san fuskar wanda garkensa ya mutu, iri ɗaya ce a ko'ina. Ta nuna mana bayan wata katanga inda iska ba ta bugawa, shi ya fara kafa tantuna. Sai na ji kukan ɗan rago daga rumfa, irin kukan yunwa. Na leƙa. Tunkiya ce ke tunkuɗe ɗanta duk lokacin da ya nufi nono. Rukayya ta tambayi matar, ta juyo ta ce, "Wai haihuwar fari ce, ta ƙi karɓarsa."

Na ce a kawo gishiri. Na jiƙa shi, na shafe bayan ɗan ragon da shi har wutsiya, na riƙe kan uwar na kai hancinta. Ta yi tirjiya, ta shinshina, ta lasa sau ɗaya don gishirin. Ta sake lasa. Kafin wani lokaci ɗan yana tsotso yana kaɗa wutsiya. Baturiyar ta dafa kafaɗata da wannan hannun nata, Ummi tana tsalle, Rukayya tana fassara. Ni kuma, Allah ya yafe mini, na ji daɗin a ce na iya wani abu a ƙasar nan. Wata huɗu da rabi ban ɗauke ido daga kansa ba. Tunkiya ta ɗauke mini.

Da na fito, tantuna biyu a tsaye. Jakarsa a jingine da katanga. A kanta rigar sanyinsa ce a ninke, a kan rigar kuma waya da makullai da walat, a jere, kamar kayan da aka bar wa magada.

Na ce wa Rukayya, "Riƙe yarinyar nan, kada ta biyo ni. Ki gaya wa matar nan ta zo ƙofa mai sarƙa."

Yadda na tsallake ƙofar nan, da zani, da shekaruna, Allah kaɗai ya sani. Na yi kiwon awaki tun ban iya ɗaura zani ba, sawu ba ya ɓace mini. Sawun mai kallon wuri yakan tsaya, ya karkata, ya koma. Wannan a miƙe yake, taku daidai da taku, kamar na wanda ya ji an tayar da iƙama. La'asar ta wuce, wani farin hazo mai jiƙa kaya yana gangarowa. Ƙanƙarar ta kai idon sawu, ta kai gwiwa. Sai ƙasa ta buɗe a ƙarƙashina. Wani kwalbati ne ƙanƙarar ta rufe, na nutse har cinya, ƙafar dama ta maƙale tsakanin duwatsu.

Daga nan na hango shi. Tsakaninmu bai fi daga ƙofar gida zuwa rijiyar unguwa ba. Ya wuce wata karyayyar wayar shinge, yana tsaye da 'yar shat, ya ba ni baya. Gabansa babu komai sai fari.

"Kai!"

Iska ta kwashe.

"Kai, wannan! Baban Ummi!"

Ko kafaɗarsa ba ta motsa ba.

"Injiniya!"

Na ga kansa ya ƙara sunkuyawa, na so in haɗiye harshena. Sai ya cire tabarau ɗinsa, ya ninke, ya sunkuya ya ajiye a kan wani dutse a hankali, yadda ya ajiye makullan.

Rukayya, share idonki ki rubuta. Na san ke ma ba kya kiran sunan, amma biro ba shi da kunya. Rabona da sunan nan tun ranar da liman ya raɗa shi, na jiyo ta bayan zana, na rufe fuska da mayafi. Shekara arba'in da huɗu yana cikin bakina kamar goron da aka ajiye a kumatu.

"Auwalu!"

Muryar ba tawa ba ce. Ta wata yarinya ce mai shekara goma sha bakwai.

"Auwalu! Don girman Allah!"

Ya juyo. Ya daɗe a haka, har na fara jin ƙafata ta daina zafi, wanda na san ba alheri ba ne. Sannan ya tako, yana tuntuɓe don babu tabarau, ya tsallako wayar, ya zo ya tsaya a kaina. Leɓɓansa sun yi toka.

"Ashe kin san shi."

"Ciro ni."

"Kin ce ina ruwanki da ni. A gaban mata ashirin."

"Haka ake cewa."

"Haka ake cewa." Ya yi wata dariya da ba dariya ba. "An sallame ni daga aiki, kin sani. Na san kin sani, Ummi ta gaya mini kun gan ni. Wata nawa muna gida ɗaya, Gwaggo? Na durƙusa a ƙofarki, bango kika amsa wa. Sau ɗaya fa. Sau ɗaya tak ki ce, yaya kake."

Ina da amsa. Ina da shekara talatin na man gyaɗa, da wuyan da ba ya juyawa, da naman da nake aikawa ta hannun 'yarsa. Ko ɗaya bai fito ba. Abin da ya fito shi ne, "Ƙafata ta mutu. In ka ga dama ka ciro ni. In ba ka ga dama ba ka koma inda ka fito, amma ka sani a nan za a tsince mu mu biyu."

Ya durƙusa ya tona da hannu. Ƙafar ta fito, takalmin ya zauna. Ya juya mini baya ya tsuguna. Ni ban taɓa goya shi a waje ba, sai a ɓoye a ɗaka idan kakarsa ta tafi unguwa. Shi ya goya ni a fili, a gangaren dutsen Turawa. Ta cikin shat ɗin ina jin ƙasusuwan bayansa ɗaya bayan ɗaya. Ban san ya rame haka ba, ni mai ido.

A ƙofa mai sarƙa muka iske Baturiyar a kan wani babur mai ƙafa huɗu, da karenta. Ya yi mata Turanci. Daga baya aka ce mini cewa ya yi ya je kallon wuri ne, ni kuma na bi shi na faɗa rami. Matar ta dubi mutum babu rigar sanyi babu tabarau, ta dube ni. Ta cire rigarta. Ba ni ta lulluɓa wa ba, shi ta lulluɓa wa.

A falonta muka kwana, tantunan aro suka kwana babu kowa. Ta sa ƙafata a ruwan ɗumi, ta ba mu shayi mai sukari kamar na mai jego. Rukayya ta shiga kicin ta yi ta waya, aka ce ta kai shi washegari a duba shi. Ko za su duba shi da gaske, ko wani layin za su sake sa shi, ban sani ba. Abin da na sani, takardata saura 'yan makonni ta ƙare, kuma babu ofishin da zai ƙara wa tsohuwa ko kwana ɗaya don ta ce ɗanta yana bukatar ido.

Da safe bayan na yi sallah na iske takalman roba a bakin ƙofa, manya, na marigayi mijin Baturiyar, an cusa jarida a ciki don su zauna mini. A kan tebur kuma, kusa da kofin baban Ummi, ga tabarau ɗinsa an goge. Matar nan ta hau can tun da duku-duku ta ɗauko, ba ta ce wa kowa ba.

Ni na zuba masa shayi da hannuna. Rukayya na zaune, Ummi na zaune. Na yi niyya tun a kan sallaya. Na miƙa kofin, na buɗe baki, ya ɗago yana kallona ta cikin tabarau, yana jira. Sunan ya zo har haƙorana ya tsaya.

Na ce, "Kai, ga shayi."

Ya karɓa da hannu biyu. "Na gode, Gwaggo."

Na fita waje. Na naɗa gammo. Na wuce 'yar jakata, na kama tasa, babbar, da tantin a naɗe a sama, na ce Ummi ta kama mini ɗaya gefen. Ta fi tulun mai nauyi, wuyana ya yi ƙara. Ya fito da sauri ya miƙo hannu.

"Gwaggo, kawo."

Na ce, "Ummi, gaya wa babanki ya shiga gaba."

Ya shiga. Awa uku zuwa tasha, cikin takalman mamaci, da kayansa a kaina, idona a kan ƙeyarsa. Da muka zo ƙofa mai sarƙa na matsa har ina taka inuwarsa, sai da muka wuce.